Makullin Makara

Litinin, 12 ga Agusta

Ruwa tun hantsi, har yanzu bai ɗauke ba. Kayen nan, littafin rubutu, don lokutan salla na saye shi, ga shi yau ina rubuta abin da ko matata Sadiya ba zan iya gaya wa ba.

Tsoho Safiyanu na Gangare ya rasu da safe. Bayan azahar Rashidu mai gyaran keke, shi ma ɗan Gangare, ya zo masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa ruwa na ɗiga daga hularsa, ya ce in ba su aron makara, kwari ya cika, ƙetarewa da gawa a kan ƙyaure zai yi wuya. Na ce makulli ba ya wurina. Alhali yana cikin aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Shekara goma sha ɗaya ina ladanci a Gidan Barmo, makullin ɗakin makara bai taɓa barin jikina ba, kuma Rashidu ya sani sarai.

To me zan yi? Makara ta masu gari ce. 'Yan Gangare, da aka ce kakanninsu bayin kakanninmu ne, ƙyauren ɗaki suke cirewa su ɗora mamacinsu, su kai shi hayin kwari inda maƙabartarsu take. A masallaci sahun baya ne nasu, a famfo sai bayan la'asar. Haka muka tarar, ba ni na tsara ba.

Aljihuna ya duba, bai dubi fuskata ba. "To, ƙane, Allah shi maido makullin lahiya." Ya juya cikin ruwan.

Talata, 13 ga Agusta

Gawar ta faɗa ruwa. Sadiya ce ta jiyo. Sun kai tsakiyar kwari ƙafar na gaba ta zame, ƙyaure kuwa ba shi da baki ba shi da mariƙi, tsohon ya sulale. Sai da suka bi shi da gudu har wajen gonakin wake kafin su kamo shi, likkafani duk laka. Suka koma gida aka sake wanka. Mutumin da ya haifi ubana a shekaru, amma in ya gan ni sai ya cire takalmi.

Na kasa cin tuwo. Na ce mata ciki ne.

Alhamis, 15 ga Agusta

Bari in rubuta ko sau ɗaya ne, tunda ba mai karantawa. Rashidu ɗan'uwana ne. Ina da wata biyu uwata ta rasu, aka nemi mai shayarwa cikin gari aka rasa, sai Baturiya ta Gangare, tana goyon Rashidu, ya girme ni da kwana arba'in. Shekara ɗaya da rabi na yi a bayanta. Duk garin nan an sani, ba mai faɗa. In na gamu da ita gaban mutane Baturiya nake cewa, in ba kowa in ce Inna, ƙasa-ƙasa kamar mai sata. Ita kuwa Tijjanina take cewa ko gaban wa.

Yau na kai kekena rumfar Rashidu, wai iska. Babu abin da ya samu tayar. Na zaci zai ɗaure mini fuska, sai ya fara tsokanar da ya saba, wai ni na shanye nonon dama na bar masa na hagu, shi ya sa na fi shi murya ya fi ni zuciya. Can ya ajiye sifana. Shekara shida ya yi a Libiya, bai cika son maganar ba, amma yau ya ce: "Can anka ce mani bawa don baƙar hwata. Na ce to, in koma gida. Na zo gida anka ce mani bawa don kakan da ban taɓa gani ba. Ina kuma zan tahi, ƙane?"

Ya ja ni bayan rumfa ya nuna mini. Ƙyauren marigayi Safiyanu ne, an ɗora damin karan tsohon darni a kai, za a lulluɓe da farin ƙyalle kamar gawa. Laraba mai zuwa za su ɗauka, maza da mata, a ƙafa har ofishin magajin gari, su ajiye a gabansa su ce ga yadda ake binne mu. Ba sanda, ba wuƙa. Sun yi rantsuwa ba za su sauke shi a hanya ba. Hannunsa duk baƙin mai, sai ni na ɗaure masa igiyar damin.



Juma'a, 16 ga Agusta

Ina sharar ɗakin makara na ga mariƙin baya yana girgiza, walda ta saki. Sai an kai wa Usmanu maƙeri. Shi ma ɗan Gangare ne. Shi ya ƙera ta da hannunsa, kuma ba zai hau ta ba.

Lahadi, 18 ga Agusta

Baba Labo ya aiko a kira ni. Ƙanen mahaifina ne, shi ne mai gari, shi ya ba ni ladanci, kuma tun ina yaro in ya yi tari nake manta sunana. Zaure cike da dattawa. Ya ce an ga kekena a Gangare. Na ce iska. Ya ce ya ji za su ɗauki wani abu a lulluɓe su kai wa hukuma. Na ce na ji haka nan.

"Mi ag ga ƙarƙashin ƙyallen?"

Duk idanu a kaina. In na ce kara ne, za a ce ina na sani. In na ce na gani, za a ce har bayan rumfa ake kai ni, nono ya motsa. Sai na ji bakina ya ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya jawo wayarsa. Na yi sallama na fito.

Talata, 20 ga Agusta

Ba a maganar komai sai 'yan bindiga. Wai sun ƙetaro iyaka sun kore shanu a wani ƙauye yamma da mu, masu kaki da ke tsaron shingen hanya ko barci ba sa yi, wai jiya har jaki suka kusa harbi.

Bayan la'asar na tafi in gaya wa Baba kara ne kawai, ni na ɗaure. Na isa ƙofar zaure, na ga takalma sun kai goma. Na shiga na yi gaisuwa, na tambayi ruwa, na tambayi gero, na fito. Daga nan na ce bari in je in gaya wa Rashidu ya yaye ƙyallen tun daga gida. Na kai bakin famfo na ga matan gidanmu, na juya.

Allah ka san ni. Ba mugu ba ne, matsoraci ne.

Laraba, 21 ga Agusta

An kashe Rashidu.

Alhamis, 22 ga Agusta

In ban rubuta ba kaina zai fashe.

Jiya da hantsi na cire na'urar lasifika na ce zan kai gyara, na hau kabu-kabu na bi bayansu. Lafiyarta lau. So nake in gani daga nesa, yadda na saba ganin komai. Sun kai mutum saba'in, suna tafe suna la'ilaha illallahu kamar masu rakiyar gawa, mata a baya, wasu da goyo. Rashidu a gaba, ƙyaure a kafaɗarsa, su huɗu. Wallahi ban taɓa ganin 'yan Gangare suna tafiya a tsakiyar hanya ba sai jiya. Kullum gefe.

Muka wuce su, na sauka gindin wani gawo kusa da shinge. Motoci biyu na tarar maimakon ɗaya, masu kaki sun jeru, bindigogi a hannu ba a kafaɗa ba. Taku ashirin ne tsakanina da babbansu. Taku ashirin, in ce ranka ya daɗe kara ne. Na tsaya rungume da na'urar.

Suka iso. Babban ya daka tsawa su sauke abin da suka ɗauko. Rashidu ya ce sun rantse sai gaban magajin gari. Ya sake tsawa. Mata suka ƙara ɗaga murya da zikiri. Sai na ga Rashidu ya ɗaga hannun hagu ya kama gefen ƙyallen. Na san me zai yi, yaye shi zai yi ya nuna musu. Ni kaɗai na sani a wannan gefen shingen.

Ƙarar bindigogin ba ta daɗe ba. Na samu kaina kwance cikin wake, baki cike da ƙasa, wandona jiƙe, ba zan ɓoye wa kaye ba. Da na ɗaga kai hanya duk takalma da mayafai, kara ya watse ko'ina. Rashidu a kife, ƙyallen har yanzu a hannunsa. Binta mai ƙosai tana kwance a gefen kwalta ba ta motsi. Mudi mai amalanke yana zaune ya dafe ciki da hannu biyu, yana ta cewa a ba shi ruwa. Ɗaya daga cikin masu kakin ya sunkuya ya ɗauki kara guda, yana jujjuya shi yana kallo.

Babbansu yana waya, yana ihu, na ji da kunnena: "An ce mana ba a san abin da ke ƙarƙashi ba!"

Maganata ce. Ta bi waya ta riga ni isa wurin.

Juma'a, 23 ga Agusta

Jiya da yamma aka maido gawarwakin. Sharaɗi biyu: kada a yi sanarwa a lasifika, kada masu rakiya su wuce mutum goma. Motar masu kaki tana gindin tsamiyar masallaci tun jiya, sai na ratsa ta gabansu nake shiga kiran salla.

Tun asuba nake zaune da makulli a hannu, ina shirya abin da zan ce in sun zo aro. Ba wanda ya zo. Ko damar yin ƙarya ban samu ba.

Ƙyauren Safiyanu yana hannun hukuma, wai shaida. Gangare kuwa yawanci asabari ne a ƙofofinsu, sai suka cire na Inna, wanda Rashidu ya yi mata da katako mai kyau shekarar da ya dawo. Na hau tsani kamar ina gyaran wayar lasifika, daga can na gani. Binta suka fara kaiwa. Suka dawo da ƙyauren, suka wanke, suka ɗauki Rashidu. Na lissafa su, goma cif. Ban sauko ba sai da suka ɓace a hayin kwari.

Na kira sallar Juma'a. Sahun baya babu kowa, tabarmi kawai.

Asabar, 24 ga Agusta

Ana yawo da labari a waya wai 'yan bindiga ne aka tare suna ɗauke da makamai cikin likkafani. A majalisar mai shayi na ji wani yana rantsuwa ya ga hoton bindigogin. Na sha shayina.

Lahadi, 25 ga Agusta

Masu kaki sun tafi da mutum uku daga Gangare, ba wanda ya san inda aka kai su. Da azahar ɗaya daga cikin masu kakin ya tare ni a bakin masallaci, ya ce mai kabu-kabu ya ce ya sauke ni kusa da shinge ran Laraba. Na ce gyara na kai. Ya ce me na gani. Na ce a kwance nake. Ya daɗe yana kallona, ya rubuta sunana. Yanzu ko ƙarar babur na ji sai na leƙa waje.

Baba Labo ma ya kira ni, mu biyu kawai. Ya rame cikin kwana huɗu, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce shi bai ce a harbi kowa ba, abin da aka gaya masa ya faɗa. Sai ya taurare: "An maido Mudi gida, likita sun ce sai addu'a. In ta ƙare, kar in ji kar in gani. In ka ba da makara, ka aje mani makulli da lasihika. Kuma in masu kaki sunka tambaye ni su wa ad da hannu, ba ni yi maka ƙarya."

Na ce to, Baba. Me na taɓa cewa ban da to?

Litinin, 26 ga Agusta

Ashe Sadiya ta je gaisuwa tun ran Asabar, ta bi ta bayan gonaki, ba ta tambaye ni ba. Yau take gaya mini tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba. Ta ce ɗakin Inna a buɗe yake, ruwa na fesowa har kan gado, ƙyauren yana jingine a bango. An so a mayar mata ta hana. Wai a bar shi nan, kar a sha wahalar cirewa sau biyu, ga Mudi kwance.

Na ce mata ta yi hankali da masu kaki. Ta ce, "To, Ladan." Sadiya ba ta taɓa ce mini Ladan a cikin gida ba.

Talata, 27 ga Agusta

Na je. Da rana tsaka, ta cikin gero, ina waiwaye kamar ɓarawon akuya.

Tana zaune a bakin ƙofar da ba ƙyaure, carbi a hannu. Na durƙusa na ce Inna, da ƙarfi, ban san ya fito haka ba. Na fara maganar makulli, ta ce ta sani, shi ma ya sani. "Ya ce kar a matsa maka. Kai tun kana jinjiri, ko zakara ya yi cara sai ka saki nono."

Da ta tsaya nan da na samu sauƙi. Amma bakina ya buɗe. Na gaya mata zauren Baba, da tambayar, da amsar da na bayar, da cewa ni na ɗaure damin da hannuna. Na gaya mata taku ashirin.

Carbin ya tsaya. Ina jin nishin Mudi daga gidan da ke bayan darni. Can ta ce, "Wanga ba ni ka yahe shi ba, mai shi na hayin kwari. Tashi, Ladan, ka tare mani haske."

Shekara arba'in da ɗaya ina Tijjanina. Na dawo ta tsakiyar hanya, na manta ban bi ta gonaki ba.

Laraba, 28 ga Agusta

Ban iya komai ba yau. Na yi kuskure a kiran la'asar, na sa na asuba a ciki, yara suka yi ta dariya.

Alhamis, 29 ga Agusta

Na kai makara gyara. Ba wani abu ba ne, mariƙin nan tun sha shida ga wata nake cewa zan kai, in wani babba ya rasu ya karye a hanya ni za a zaga.

Na ari kurar ruwa na ɗora ta na turo, bayan azahar, kowa na gani. Mai kakin da ya rubuta sunana ya ce wa ya mutu. Na ce gyara, na girgiza masa mariƙin ya gani. Ya ɗaga hannu na wuce. Ta ƙofar zauren Baba hanyar take, ban duba ba, amma na ji hirar ta tsaya.

Usmanu maƙeri ya fito ya zagaya ta sau biyu, ya shafa ta kamar doki. Aikin minti goma ne, ni ma na sani. Ya dubi gidan Mudi, ya dubi ƙasa, ya ce, "Wanga aiki sai kwana ukku, Ladan." Na ce kar ya yi gaggawa, ya yi shi da kyau. Ba mu haɗa ido ba.

Juma'a, 30 ga Agusta

Baba ya aiko sau biyu. Na ce ina zuwa. Sadiya ta haɗa mini kaya kala biyu a leda ta ajiye bayan ƙofa, ko da za a zo tafiya da ni. Ta sa mini man shanu a tuwo.

Asabar, 31 ga Agusta

Mudi ya cika da hantsi. Allah ya jiƙansa.

Ni dai makara na je dubawa, ko an gama. Na tarar an riga an ɗora shi. Mai kakin da ya rubuta sunana yana bakin darni yana lissafa masu rakiya, ya kai tara ya tsaya, mazan sun yi ƙaranci tun da aka kwashe uku, wasu kuma sun gudu daji. Mariƙin baya, wanda aka gyara, ba kowa a kai. To ai sai an gwada aiki kafin a karɓa. Na sa kafaɗa. Ya ce goma, ya dube ni, ya sake buɗe takardarsa.

Ruwan kwari har ƙugu. Ƙafata ta zame sau ɗaya, Mudi ko motsi bai yi ba, makara tana da baki. Walda ta yi kyau. Ban taɓa zuwa hayin ba sai yau. Usmanu ya nuna mini na Rashidu, ƙasar ba ta gama kwanciya ba. Ina tsaye a wurin na ji kiran azahar daga gari da wata murya, ta Muzammil ɗan Baba Labo. Yana sauri da yawa, kuma ya sa baki kusa da na'urar, tana kuka. Zai koya.

Da muka dawo na ga ƙyauren Inna a jingine, ga hadari yana haɗowa. Na ari guduma na mayar da shi. Inna tana zaune tana kallo har na gama. Ta tashi ta tura, ta jawo, ta sake turawa. "Ya karkace, Tijjani." Na cire na sake.

Makara tana rumfar Usmanu, ya ce sai ya shafa mata fenti. Ban ce masa yaushe zan ɗauka ba. In an yi rasuwa a cikin gari, sun san hanyar Gangare.

Tsoro yana nan, bai je ko'ina ba. Motar tana gindin tsamiya, ledar tana bayan ƙofa, gobe da safe sai na je gaban Baba. Kafaɗata ta kumbura, Sadiya tana dafa ruwan gashi. Makullin yana aljihuna, na ciro shi na ajiye a kan kayen nan ina kallo. Zan kai wa Baba kayansa. Ɗakin da yake kullewa ba komai a ciki sai tsintsiya.